Kwanon Hammadu a Jirgin Araha

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Anka zuwa Gusau ya san Namadi Kamasho, ko bai san sunansa ba ya san muryarsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da goro a kunci. Aikinsa lodi. Shi zai kira fasinja, ya yi cinikin kaya, ya cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku, kuma ya rantse maka akwai sauran wuri. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu Yargalma ya kama wannan sana'a, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Dokarsa guda ce, mota ba ta tashi sai ta cika. In ka zo kana haki ka ce sauri kake yi, zai dube ka sama da ƙasa ya ce, "Sauri ya haifi nawa, malam. Zamna."

Mutumin kirki ne, wannan ba a musu. Illarsa dai ya ɗauka ba abin da za a koya masa a harkar tafiya. Sau ɗaya ya taɓa hawa jirgi, shekarar da wani ɗan siyasa ya ba 'yan tasha kujerar Makka ta faɗo kansa. A can an ɗaukar masa kaya, an ba shi abinci, jirgi ya jira alhazai har suka gama taruwa. Ya dawo yana gaya wa direbobi cewa jirgi ma mota ce, fiffike kawai ya fi su.

Namadi yana da wa, Hammadu, ɗan farin Innarsu. Inna tana da jinin Fulani ta wajen uwa, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana baki da baki, sai dai ta aika. Amma akwai wani kwano mai furanni, murfinsa ya ɗan loɓa, wanda take zuba masa abinci a ciki tun yana yaro, a ajiye a bakin ƙofarsa. Ko da ya yi aure kwanon bai fasa zuwa ba. Kowa a gidan ya san kwanon Hammadu ne, ba mai taɓa shi.

Sai zinari ya zo. Hammadu na cikin waɗanda suka riƙa kwaso duwatsu daga rami suna kawowa gida a daka, har a turmin Inna. Ta aika ƙanwarsu Hasana ta ce a bari, turmin abinci ne. Bai ji ba, don kuɗi na shigowa. A shekarar 2010 yara suka fara jijjiga suna sandarewa. Biyu na Hammadu suka tafi, ɗiyar Hasana ta bi su. Likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce da ke cikin ƙurar duwatsun. Aka kankare ƙasar tsakar gida aka zuba sabuwa, aka tafi da turmin aka binne. Inna ba ta yi faɗa ba, ba ta tsine wa kowa ba. Kwanon kawai ta ɗauke, ta kife shi ƙarƙashin gadonta. Hammadu ya yi ta duban bakin ƙofarsa safe da yamma bai ga komai ba, ya gane abin da ake gaya masa. Matarsa ta koma gidan iyayenta a Gummi, shi kuma ya bi 'yan haƙa zuwa Gana.

Shekara shida ba a ga ƙeyarsa ba. Ranar wata Litinin, Namadi na tsakiyar lodi, waya ta shigo da baƙuwar lamba. Wani ne mai suna Bature, mutumin Bukkuyum da ke sayar da nama a unguwar Nima a Accra. Ya ce Hammadu na ɗakinsa a kwance, ƙurar rami ta cinye masa ƙirji, asibiti sun sallame shi sun ce a kai shi gida.

"Ba ya cin komai," in ji Bature. "Abu guda yake tambaya, ko Inna ta huce."

Namadi ya bar motar da rabin fasinja ya hau mashin zuwa Yargalma. Ya tarar da Inna tana tsince gero a tabarma. Ya durƙusa ya gaya mata, ya miƙa mata wayar ya ce ga lamba, a kira ta yi masa magana ko kalma guda ce. Ta dubi wayar, ta kau da kai.

"Ban taɓa yi ba yana da lahiya, ba yau zan fara ba," ta ce. Ta ci gaba da tsintar geronta. Can ta ce da Hasana, "Ɗauko mini kwanon wancan."

Ita da kanta ta surfa geron, ta wanke, ta daka a sabon turmi, tsohuwar da ta daɗe da barin daka. Hasana ta zo karɓar taɓarya ta ture ta. Gumba ta yi, da citta da kanumfari da zuma, ta dunƙula ta shanya a rana ta bushe don ta jure hanya. Gaban Namadi ya faɗi da ya ga abin da take yi, domin gumba ita ake rabawa sadaka ranar ukun mamaci.

"Inna, gumba kuma? Ba a yi mai wani abu ba?"

"Ita yake so tun yana ƙarami," ta ce. Ta jera dunƙulen cikin kwanon, ta rufe, ta ɗaure da sabon ƙyalle. "Ka sa mai a hannu. Ka tsaya ka ga ya ci."

Saƙon ke nan gaba ɗaya. Namadi ya san idan kwanon ya isa hannun Hammadu da ransa, an yafe masa. Idan bai isa ba, babu wata hanya da Inna za ta iya faɗa.

Ta mota tafiyar kwanaki ce, ga iyakoki ga jami'ai. Don haka da ya koma Anka ya zarce shagon Patrick, wani mutumin Filato da ya daɗe a garin, mai shagon kwamfuta kusa da kasuwa inda ake buga takardu da sayen tikiti. Matarsa Elizabeth ma'aikaciyar jinya ce, ta yi shekaru a ɗakin yaran dalma, ta san gidan su Namadi tun lokacin masifar. Tana shagon ta taso daga aiki. Ta ce a kira Bature ya kara wayar kusa da bakin mara lafiyar. Ta saurara na ɗan lokaci, ta mayar wa Namadi wayarsa a hankali.

"Alhaji, wannan numfashin na san shi. Kada ka yi wasa da lokaci."

Patrick ya juyo da fuskar kwamfutar. Ya ce jirage biyu ke tashi daga Abuja zuwa Accra ranar Laraba. Na babban kamfani yana tashi da hantsi, yana da wani kuma da yamma, kuɗin kaya na cikin tikiti, ana ba da abinci, kuma in jirginsu ya sami matsala su za su nemo maka wani. Na ƙaramin kamfani yana tashi da azahar, kuɗinsa kusan rabi, amma jakar hannu kawai aka yarda, sauran kaya sai ka biya daban, kuma jirginsu a wannan hanya guda ɗaya ne tak.

"Tahiyar awa nawa ce?" Namadi ya tambaya.

"Ba ta fi nan zuwa Gusau ba sosai."

Namadi ya yi 'yar dariya ya gyara goro. "To don nan da Gusau zan biya ninki saboda a ba ni biredi da shayi? Patrick, ni za ka koya wa lodi? Mai kwandishan da maras kwandishan duk tasha guda suke sauke mutane."

"Ba maganar shayi ba ce," Elizabeth ta ce. "In ya lalace fa?"

"Sai a yi juye."

Juye shi ne abin da Namadi ya fi iyawa a duniya. Mota ta mutu a hanya ko a tasha, sai kamasho ya kwashe fasinjojinta ya zuba a ta bayanta, direbobi su daidaita tsakaninsu daga baya, fasinja ba ya ƙara ko sisi. Shekara da shekaru yana yi, bai taɓa jin tashar da ba a yi ba. Patrick ya ce masa wallahi a jirgi ba haka ba ne. Namadi ya ce ai ko'ina akwai 'yan ƙungiya, in ya je zai san yadda zai yi magana da su.

Kada a ɗauka rowa ce. Abin da ke aljihunsa ragon layyarsa ne da ya sayar da abin da 'yan tasha suka haɗa masa. Lissafinsa, rarar da za ta saura ya sai wa Hammadu magani, ko ya ɗauko shi su dawo tare. Ya ce a yankar masa na araha. Elizabeth ta ɗauki jakarta ta shige gida.

Kafin ya bar Anka labari ya zaga cewa Namadi za shi Gana. Akwai samarin Yargalma da Sunke da dama a ramukan can, iyayensu mata kuwa ba sa jin an ce jaka guda. Wannan ta kawo kuka, wannan daddawa, waccan kilishi da ƙullin yaji. Namadi bai taɓa mayar da saƙo ba a rayuwarsa, kuma kuɗin kaya a saninsa abin ciniki ne. Ya cika babbar jakar bakko har zif ya ƙi rufuwa ya ɗinke da igiya. Kwanon Inna kam a 'yar jakarsa ta rataye ya sa, a jikin ƙirjinsa. Ya bi ta Gusau da Funtuwa da Kaduna, ya kwana a masallacin tasha a Abuja, gari na wayewa yana filin jirgi.

Layin babban kamfani na gefen nasu. Yana kallo aka karɓi akwatunan mutane ba wanda ya ce uffan, suka shige, jirginsu ya tashi da hantsi. A nasa layin, yarinyar da ke kan teburi ta ɗora bakkon a sikeli ta faɗi kuɗi. Namadi ya ɗauka bai ji daidai ba.

"Haba ɗiyata. Kuka ce da daddawa, ba siminti ba. Faɗi na gaskiya."

Wani ma'aikaci Bahaushe ya matso ya fassara mata. Ta ce ba ita ke yanka farashi ba, abin da na'ura ta nuna ke nan. Namadi ya taya rabi. Ya ƙara kaɗan. Ya yi kamar zai tafi, dabarar da ke karya kowane direba, ba wanda ya kira shi. Mutanen bayansa suka fara tsaki. Ma'aikacin ya ce, "Baba, ko ka biya ko ka bar kayan nan, za a rufe." Ya tuna fuskokin matan da suka ba shi amana. Ya kwance lalitarsa ya biya, rarar da ya yi wa Hammadu tanadi ta tafi kusan duka.

A wurin bincike suka sa ya kwance ƙyallen Inna. Jami'in ya tsura wa dunƙulen ido ya ce mene ne, Namadi ya ce abinci ne. Ya ce to ya ci ya gani. Namadi ya ce ba nashi ba ne, na yayansa ne. Jami'in ya tsaya kai da fata. Namadi ya gutsuri ɗan kaɗan daga gefe ya sa a baki, cittar Inna ta cika masa hanci, idonsa ya kawo ruwa. Aka ce ya wuce.

Azahar ta yi ba jirgi. Aka yi shela da Turanci, wani ɗan kasuwa Bakano da ke kusa da shi ya ce jirgin yana Legas ana gyara, sai la'asar. Namadi ya kira Bature.

"Shina nan," Bature ya ce. "Ya tambaye ka sau biyu. Kun taso?"

"Yanzu za mu taso."

Ya yi sallar la'asar da jakar rataye a wuyansa. Yana sallamewa ya ji hayaniya ta kaure, mutane sun yi wa wani mai rigar kamfani caa. Bakanon ya dawo yana zagi ya ce an soke, sai gobe da safe. Namadi bai tsaya faɗa ba. Ya san abin yi. Ya fito da sauri ya nufi teburin babban kamfani, inda ake karɓar fasinjan jirgin yamma, ya miƙa tikitinsa.

"Motarmu ta lalace," ya ce da mutumin da ke wurin, wanda Allah ya sa yana jin Hausa. "A juye ni nan. Akwai wuri?"

"Akwai wuri, Baba. Amma wannan ba tikitinmu ba ne."

"Na sani. Ku daidaita da su. Ina shugaban ƙungiyarku?"

Mutumin ya yi masa bayani da ladabi, sau biyu. Babu juye, babu ƙungiya, babu daidaitawa. In yana son kujera sai ya sayi sabon tikiti, kuma na yau ya fi na shekaranjiya tsada nesa ba kusa ba. Masu jirgin araha kuwa sun ce ba sa mayar da kuɗi a take, kayansa ma suna ciki. Tsoro ya kama Namadi sosai, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka fito da yaran daga ɗaki.

Ya kira Patrick. Patrick bai ce ai na gaya maka ba, Allah ya saka masa. Ya rufe shago ya ruga tasha. Namadi na tsaye gefen teburi yana jin ta waya yadda ake neman shugaban 'yan tasha, an ce ya tafi ɗaurin aure Gummi. Direbobi suka shiga turo abin da ke aljihunsu. Elizabeth ta kawo na adashinta. Layin gabansa yana raguwa, mutum bayan mutum. Ya riƙe hannun rigar mai teburin ya ce ya ajiye masa kujera guda don girman Allah, kuɗi na hanya, ɗan'uwansa ne ke bakin mutuwa. Mutumin ya ce zai jira iyakar abin da aka yarda masa. Patrick ya ce ya tura, sabis ne ke wasa. Namadi ya ɗaga wayar sama, ya zaga, ya dawo. Fasinja na ƙarshe ya shige. Mai teburin ya duba agogo, ya ƙara duba shi, ya kashe fitilar da ke bisa kansa.

Saƙon kuɗin ya shigo yana tattara takardunsa.

"Ga shi, ya shigo. Ga shi nan."

"Baba, an rufe."

"A buga wa direban waya ya dakata. Mu a tasha ko mota ta kai bakin gada ana tsayar da ita."

"An rufe ƙofa, Baba. Ka yi haƙuri."

Ta jikin gilashi ya ga jirgin ya ja da baya a hankali, ya juya, ya tafi da kujerun da ba kowa a kansu. Namadi Kamasho, wanda bai taɓa barin mota ta fita da gurbi ba, ya zauna a ƙasa kan tayil ya rungume jakarsa.

Da ya sami kansa ya kira Bature ya ce a kara wa Hammadu wayar a kunne. Numfashi ya fara ji, mai ƙugi, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa.

"Yaya, ni ne Namadi. Ina Abuja, gobe ina nan tahe. Inna ta ba ni saƙo in kawo maka. Gumba ce."

Muryar Hammadu ta fito da ƙyar.

"Ita ta daka?"

"Da hannunta. Ta hana Hasana taɓawa."

"Cikin mi?"

"Cikin kwanonka, Yaya. Mai loɓaɓɓen murfi."

Ya ji wani sauti da bai san ko tari ne ko kuka ba. Sannan Hammadu ya ce, "Ka zo da shi." Bature ya karɓi wayar ya ce a bar shi ya huta.

Washegari jirgin araha ya zo, ya tashi lafiya, ya sauka lafiya, tafiyar kuwa ba ta fi Anka zuwa Gusau ba, kamar yadda Patrick ya faɗa. Namadi ya isa Nima da azahar ya tarar da tabarmi a ƙofar gida da mutane zazzaune. Hammadu ya cika da asuba, an kai shi da hantsi. Bature ya ce bayan wayar nan Hammadu ya sa an tayar da shi zaune, ya ce a wanke masa hannu, ya yi ta kallon ƙofa.

Namadi ya raba wa samarin Yargalma da Sunke kukarsu da daddawarsu, ba wanda saƙonsa ya ɓata. Ranar uku aka nemi abin sadaka. Ya kwance ƙyallen da kansa.

Labarin rasuwar ya riga shi isa gida, amma ba wanda ya iya gaya wa Inna yadda aka yi. Ya same ta zaune a bakin ɗakinta da carbi. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, uwa ba ta yi wa ɗan fari. Ya durƙusa ya ajiye kwanon a gabanta. Ta buɗe murfin, ta ga babu komai ciki, an wanke shi tas. Fuskarta ta saki, ta ɗago ta dube shi.

"Ya cinye duka?"

Namadi ya yi shekaru yana rantse wa fasinja cewa saura mutum ɗaya mota ta tashi. Ƙarya guda nan ta ishe ta har ƙarshen ranta, kuma ta zo masa har bakin harshe. Ya kasa.

"Bai ci ba, Inna. Na makara. Amma na gaya mai ta waya, ya ji ke kika daka, ya ji cikin kwanonsa ne."

"To wa ya ci?"

"Mutanen Nima. Ranar uku."

Inna ta daɗe tana kallon cikin kwanon. Ta shafa loɓawar murfin da babban yatsa.

"Ashe ta sadakarsa na daka," ta ce. Ta mayar da murfin, ta rungume kwanon a cinyarta, ta kira sunan da ba a taɓa ji a bakinta ba, a hankali, sau ɗaya. "Hammadu."